Sifilin Alƙali: gardamar furogiram uku a Damagaram

Da hantsin wata Litinin cikin Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke sa ƙyauren ƙarfe ya gagari hannu, wata ɗalibarmu ta tsaya a bakin ofis riƙe da waya. Gaisuwar ma a gurguje ta yi ta. Ta ce, "Mushe, don Allah ku duba wannan." Hoton fuskar kwamfuta ne, an ɗauke shi cikin duhu, da lambobi biyar a jere: 6, 28, 496, 8128, 33550336. Agogon da ke kusurwar fuskar yana nuna ƙarfe huɗu na asuba da ƴan mintoci. Takardar sakamakon da muka liƙa a bango ranar Juma'a kuwa sifili bisa ashirin ta ba ta, da ɗan bayani a gefe cewa furogiram ɗinta ba ya tsayawa.

Ga shi kuwa ya tsaya. Gani ya kori ji.

Abin da ya biyo baya ya ci mana mako uku. Gardama ce da masana lissafi suka kashe tun 1936, a kan ko ana iya ƙera manhajar da za ta faɗa ko kowane furogiram zai tsaya ko ba zai tsaya ba, amma sai da muka sake yin ta daga tushe a ɗan ofishinmu, kuma ni da na shiga cikinta da hujjar littafi a hannu ban fita da gaskiya a kowane fanni ba.

Wurin da mutanen

Cibiya ce mai zaman kanta inda ake koyar da aikin kwamfuta da yamma. Ɗalibanmu gauraye ne: masu shirin bak, wato jarrabawar gama sakandare, ƴan jami'a da ke son ƙari, da ma'aikatan da ke son su iya abin da ƙannensu suka iya. Kwamfutocin tsofaffi ne, na hannu, aka sayo su daga Kano. In wuta ta tafi, batir da faifan sola ke riƙe mu, kuma kowa a cibiyar ya san batirin nan kamar tulun ruwa yake a unguwar da famfo bai zuwa: ba a wasa da shi.

Mu biyu ke koyar da Python, wani harshen rubuta furogiram. Ni lissafi na karanta. Abokin aikina ya girme ni a iya hannu, na girme shi a shekaru. Shi ya rubuta manhajar da ke duba aikin ɗalibai, wadda yaran suka laƙaba wa suna Alƙali. Aikinta ba wuya: ta kunna furogiram ɗin ɗalibi, ta kwatanta abin da ya fitar da amsar da muka ajiye. In daƙiƙa goma ta wuce bai gama ba, ta kashe shi, ta rubuta abin da yaran ke kira bukul anfini, wato zagaye marar ƙarshe, ta ba da sifili. Ba mugunta ta sa ya yi haka ba. Kafin zuwan Alƙali, furogiram ɗaya da ya kama zagaye kan sandarar da kwamfuta, fankarta ta yi ta kuka, batir na zuba a banza, malami na jira.

Aikin gidan da ya jawo rigimar ni na ba da shi, kuma in za a bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Na ce su rubuta furogiram da zai fitar da lambobi kamilai guda biyar na farko. Lamba kamila ita ce wadda in ka tara duk ƙananan lambobin da ke raba ta ba saura, sai su ba ka ita kanta. 6 kamila ce, don 1 da 2 da 3 sun yi 6. Haka 28: 1, 2, 4, 7, 14. Sai 496, sai 8128. Da na tsaya a huɗu da babu labari. Amma na ce biyar, ban tsaya na tuna cewa daga 8128 babu wata sai 33,550,336 ba.

Ga nauyin wannan ramin. Wanda ya bi hanyar da ta fi zuwa kai da wuri, ya gwada kowace lamba da duk lambobin da ke ƙasanta, zai yi rabawa kusan tiriliyan 560 kafin ya isa ta biyar. A kwamfuta irin tamu, in muka ce rabawa miliyan biyar a daƙiƙa, ya haura shekara uku da rabi. Wanda ya yi dabara ya tsaya a tushen lambar, abin da yaran ke kira rasin kare, wato lambar da in an ninka ta da kanta take ba da waccan, ya rage aikin zuwa wajen biliyan 130: awa bakwai da ɗoriya. Wanda kuma ya san hanyar Iƙlidis, masanin lissafin Girka na zamanin da, ko ya tsinto ta a intanet, kafin ƙiftawar ido ya gama. A ninka 2 da kanta har sau 13, a sami 8192. A cire 1, saura 8191, wadda ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. A ninka ta da rabin 8192, wato 4096. Ga 33,550,336 nan. Su waɗannan na ƙarshe Alƙali ya ba maki. Sauran duk ya zuba su a kwando ɗaya.

Abin da muka tarar a kwandon

Muka zauna ni da abokina muka buɗe furogiram ɗin da aka kashe ɗaya bayan ɗaya. Uku daga ciki su ne lamarin.

Na farko na yarinyar ne. Hanyar tushen lamba ta bi, kuma aikinta tsaf yake, ba inda za ka sa jan biro. Ta gaya mana daren farko ta kunna shi bayan lisha, wuta ta tafi tsakar dare, batirin kwamfutar ya mutu da aikin a ciki. Dare na biyu ta ari ta yayanta cike da caji, ta ɗora ta kan bulo biyu a tsakar gida don iska ta ratsa ƙarƙashinta, inda suke kwana saboda zafi. Mahaifiyarta ta ce hasken na hana ta barci, sai ta kifa kwando a kai. Tana farkawa tana ɗaga kwandon, har zuwa asuba.

Na biyu na wani ma'aikaci ne, dattijo mai ƙoƙari. Layin da ke ƙara 1 a kan lambar da ake gwadawa ya tura shi ciki da yawa, ya faɗa ƙarƙashin sharaɗin "in lambar kamila ce". A Python wannan ƴar tazarar ita ce komai. Furogiram ɗin ya gwada 2, ya ga ba kamila ba ce, bai ƙara komai ba, ya sake gwada 2. Haka zai yi ta yi har kwamfutar ta ruɓe. Wannan Alƙali ya yi masa adalci, ko da yake a makance ya yi.

Na uku shi ya sa na ajiye kofin shayina. Wani yaro ɗan lise, wato babbar sakandare, mai kaifin kai da gaggawa, ya lura 6, 28, 496 da 8128 duk lambobin cika ne, masu rabuwa biyu. Ya ce to me zai sa ya ɓata lokaci a kan na mara? Sai ya sa furogiram ɗinsa ya riƙa tsallake ɗaya, yana ƙara 2 kowane zagaye. Dabara mai kyau. Sai dai daga 1 ya fara. Saboda haka 1, 3, 5, 7 yake bi: lambobin mara zalla, waɗanda ya so ya guje wa. Furogiram ɗinsa zai tsaya ne kawai in akwai lambobi kamilai biyar a cikin na mara. Shin akwai ko da guda? Wannan tambaya na cikin tsofaffin tambayoyin lissafi da har yau ba a amsa ba. Euler ya tabbatar da cewa duk kamilar da ke cikin na cika tana bin tsarin Iƙlidis, amma na mara sun gagara. A 2012 Ochem da Rao suka nuna cewa in ma akwai, to ta wuce 1 mai sifili 1,500 a bayanta. Ba wanda ya nuna babu.

A fuskar kwamfuta, bayan daƙiƙa goma, na biyu da na uku kamarsu ɗaya: baƙin fili da ɗan layi yana ƙyaftawa. Na yarinyar ya fi su da lambobi huɗu a sama, sannan shi ma shiru. Ɗaya zai gama da asuba, ɗaya ba zai gama ba har abada kuma muna iya nuna dalili, ɗaya kuwa duk duniya ba mai iya cewa.

Umarnin direkta

Direktan cibiyar ɗan kasuwa ne mai son zaman lafiya da iyayen yara. Ya saurare mu, ya ce, "To, Malam, abu mai sauƙi. A gyara Alƙali ya riƙa bambanta mai nawa da marar tsayawa. A daina jira, ya karanta rubutun kawai ya faɗa." Abokina ya ce a ba shi mako biyu. Ni kuma na ce ko shekara ɗari biyu aka ba shi ba zai yi ba. Na faɗe ta da wata irin murya da bai kamata ba, a gaban mai gida, kuma na ga fuskar abokina ta canza. Rabin tsawon gardamar daga wannan muryar ya fito, ba daga lissafi ba.

Washegari na ja shi gaban allo. Na ce a ɗauka ya yi nasara. Yana da Alƙali na gaske: ka ba shi rubutun kowane furogiram da abin da za a ciyar da shi, ya amsa maka "zai tsaya" ko "ba zai tsaya ba", kullum yana amsawa, bai taɓa kuskure ba. To ni sai in rubuta wani ɗan furogiram mai layi biyar, in sa masa suna Na-ƙi. In aka miƙa wa Na-ƙi rubutun wani furogiram, sai ya je wa Alƙali da tambaya: wannan, in aka ciyar da shi rubutun kansa, zai tsaya? In Alƙali ya ce zai tsaya, Na-ƙi ya kama zagaye har abada. In Alƙali ya ce ba zai tsaya ba, Na-ƙi ya tsaya nan take. Yanzu a miƙa wa Na-ƙi rubutun Na-ƙi. Alƙali ya ce zai tsaya, ya ƙi tsayawa. Alƙali ya ce ba zai tsaya ba, ya tsaya. Ko ta ina Alƙali ya bi, ya yi ƙarya. Mun kuwa ce ba ya kuskure. Ashe babu shi.

Ƙashin bayan wannan hujja na Alan Turing ne, wanda ya rubuta ta a Kambirij ta Ingila a 1936 yana da shekara 23, ko da yake siffar da ya ba ta ta ɗan bambanta da wadda ake koyarwa yau. Yana amsa tambayar da David Hilbert da Ackermann suka ajiye a 1928 ne: shin akwai hanya guda, ta bin ƙa'ida mataki-mataki, da za ta yanke hukunci a kan kowace magana ta manɗiƙin lissafi, wato ilimin ƙa'idodin kafa hujja? Alonzo Church a Amurka ya isa ga amsa ɗaya a shekarar, ta wata hanya daban. Dabarar kuwa ta girme su duka. Ita ce wadda Georg Cantor ya yi a 1891: ka kawo mini jerin da ka ce ya ƙunshi komai, ni kuma in ƙera abu guda da ya saɓa wa na farko a gurbin farko, ya saɓa wa na biyu a gurbi na biyu, haka har ƙarshe, sai ga shi ba ya cikin jerin. Na-ƙi haka yake: an ƙera shi ya saɓa wa kowane furogiram a kan rubutun kansa.

Abokina ba ya karɓar magana don an ambaci sunan Bature. Ya kawo suka uku, kuma ba wadda ta zama ta banza.

Ta farko, ya ce na'urar Turing, wato kwamfutar tunani da Turing ya gina hujjarsa a kanta, tatsuniya ce, tana da takardar da ba ta ƙarewa. Kwamfutarmu giga huɗu gare ta. Abin da ke da iyaka, halayen da zai iya shiga ma suna da iyaka. Ko dai ya tsaya, ko ya dawo halin da ya taɓa shiga, in ya dawo kuwa an kama shi. Gaskiya ce tsantsa, ban musa ba. Sai dai muka yi lissafin tare. Giga huɗu ya haura bit biliyan 34, kowanne ko 0 ko 1. Yawan halayen shi ne a ninka 2 da kanta sau biliyan 34. Ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa, a ƙiyasin masana, wajen 1 ne mai sifili 80, abin da bai kai a ninka 2 da kanta sau 270 ba. Hujjarsa ta tsaya a takarda, amma a aikace ta fi tawa zama tatsuniya.

Ta biyu ita direkta ma ya so: a tsawaita jiran kawai. In daƙiƙa goma ta yi kaɗan a sa awa, a sa kwana, gwargwadon tsawon furogiram. A nan na ba su labarin wasan da Tibor Radó ya ƙirƙiro a 1962. A ɗauki ƙananan na'urorin Turing masu rubuta alama biyu kawai, kowacce da ƴan halayen da take iya shiga, a fara su da farar takarda, a tambaya: cikin waɗanda ke tsayawa, wacce ta fi daɗewa? Mai hali biyu, taki 6. Mai uku, 21. Mai huɗu, 107. Mai biyar, taki 47,176,870. Marxen da Buntrock sun gano wannan na'urar tun 1989, amma sai a 2024 wasu masu sha'awa da suka haɗa kai ta intanet suka tabbatar da cewa babu mai hali biyar da ta fi ta, kuma sai da manhajar duba hujja mai suna Coq ta bi hujjar ta tantance. Mai hali shida kuwa an riga an san adadinta ya wuce abin da za a rubuta da sifili a jere ko da duk takardun duniya. Na'urar da ƙa'idodinta ba su cika bayan katin waya ba ke nan. Radó ya nuna wannan jerin yana girma fiye da duk wani jeri da furogiram zai iya lissafawa. Da akwai ma'aunin jira da za a iya lissafawa daga tsawon rubutu, da Alƙali na gaske ya samu: a jira iyakar, wanda bai tsaya ba an san ba zai tsaya ba. Tunda babu Alƙalin, babu ma'aunin.

Na ƙara musu da wani abu da ni kaina ke ba ni tsoro. Ana iya rubuta furogiram da zai riƙa bin duk hujjojin da ke fitowa daga ƙa'idodin Zermelo da Fraenkel, waɗanda kusan duk lissafin yau ya zauna a kansu, ya tsaya ranar da ya ci karo da magana da kishiyarta. In ƙa'idodin lafiya suke, ba zai tsaya ba. Amma bisa abin da Kurt Gödel ya nuna a 1931, in lafiyar suke, su da kansu ba za su iya tabbatar da lafiyarsu ba. Wato akwai furogiram da lissafinmu bai isa ya yanke masa hukunci ba. A nan direkta ya duba agogo.

Suka ta uku ya ajiye ta sai daga baya, kuma ita ce ta kayar da ni.

A zauren Kawu

Kowace Juma'a bayan la'asar nakan je gaida kawuna a Birni, cikin lungunan da ke bayan fadar Sarkin Damagaram. Malamin zaure ne, yana ba da fiƙihu da nahawu, kuma cikin ƴan kaɗan ɗin da har yanzu ke karantar da manɗiƙi daga littafin Sullam na Ahalari. Na ba shi labarin don nishaɗi, ina zaton zai yi dariya a wuce. Sai ya ajiye carbi.

"Tsaya, ɗan nan. Wannan Na-ƙi naka, abin da zai yi ya rataya a kan hukuncin da aka yi a kan abin da zai yi. Ai wannan dauru ne. Dauru da tasalsuli kuwa, abu ya rataya a kan kansa ko a kan jerin da ba ya ƙarewa, tun muna yara aka koya mana hankali bai karɓarsu. Ka gina hujja a kan abin da ba ya yiwuwa, sannan ka zo kana murna ta rushe."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni izini in kawo misali. A ce a unguwar nan akwai wanzami, mazaunin unguwar, wanda ke aske duk namijin da ba ya aske kansa, kuma su kaɗai yake askewa. Wa ke aske wanzamin?"

Ya ɗan yi shiru, leɓensa na motsi. Sai ya murmusa. "An ce wanzami ba ya son jarfa, amma wannan ko aski ya gagare shi. In ya aske kansa ya karya sharaɗi, in bai aske ba ya karya. Babu wannan wanzamin a Birni, babu shi a Zango."

"Shi ke nan, Kawu. Haka babu wannan Alƙalin."

Ya ce wannan ƙiyasin hulfi ne, sun san shi: ka ɗauki kishiyar abin da kake nema, ka bi ta har ta kai ka ga abin da ba ya yiwuwa, ka dawo ka jefar da ita. Na gaya masa irin wannan tarko ne Bertrand Russell ya gano a 1901, a kan tarin duk tarukan da ba sa cikin kansu, ya rubuta wa Gottlob Frege wasiƙa a watan Yuni na 1902 lokacin da juzu'i na biyu na littafin Frege ke hanyar fitowa daga maɗaba'a. Maganin da Zermelo ya kawo a 1908 shi ne irin na Kawu: ba kowane sharaɗi da baki ya iya furtawa ke haifar da tari ba.

Amma tsohon bai sake ni ba. Ya ce, "Abu biyu ka ɗauka, ba ɗaya ba. Ka ɗauka akwai Alƙali, ka ɗauka akwai Na-ƙi. Da rushewa ta zo, don me ka kori Alƙali ka bar ɗanka?" Wannan tambaya ta fi duk wadda aka yi mini a cibiya. Na ce saboda Na-ƙi ina iya rubuta shi yanzu a bayan takardar nan, kowane layi nasa abu ne da ɗalibin wata biyu ya iya, in ban da layi ɗaya da ke kiran Alƙali. Miƙa wa furogiram rubutun kansa kuma ba dauru ba ne. Kamar a miƙa wa magatakarda takardar da aka rubuta ƙa'idodin aikinsa ne a ce ya kwafe ta. Samuwarsa ba ta rataya a kan takardar ba. Takarda ce kawai ta zo hannunsa. Kullum muna yin haka da kwamfuta, manhaja na karanta fayil ɗin da ita kanta ke ciki. Abu ɗaya tak a cikin ginin ba wanda ya taɓa gani, shi ne Alƙali.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce malamansu sun san wata ƴar'uwar wannan, ta mutumin da ya ce "maganar nan tawa ƙarya ce", wadda Taftazani ya kira jazarul asammu, kuma ta fi tawa ciwo, don a can babu wanzamin da za a kora daga gari. Maganar an riga an furta ta. Sannan ya ce abu ɗaya bai gamsu da shi ba, wato "har abada" da nake ta faɗa. Duk abin da aka ƙera yana da ranar tsayawa. Na yi dariya a raina: malamin zaure da injiniya, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, sun tsaya a kan suka ɗaya. Na ce masa "har abada" a nan hukunci ne a kan rubutun, ba a kan ƙarfen ba, kamar yadda muke cewa ƙidaya ba ta ƙarewa alhali duk mai ƙidaya zai mutu. Ya ce zai duba. Aka kira magariba.

Inda na faɗi

A zaman ƙarshe na shigo da furogiram ɗin ɗan lise kamar wanda ya riƙo kan maciji. Na ce ga shi, ba Na-ƙi ba ne da na ƙera don gardama, yaro ne ya yi tuntuɓe a ajinmu ya faɗa cikin tambayar da ta gagari duniya. Wane maki Alƙali zai ba shi?

Abokina ya jawo kwamfutar gabansa. Ya ce, "Yaya, me aka ce su fitar da farko?" Na ce 6. Ya ce, "Nasa ya bi ta 5 ya faɗa 7. Ya wuce 6 bai fitar ba, kuma ba ya komawa baya. Ko ya tsaya gobe, ko bai tsaya ba, amsarsa ba daidai ba ce. Ina ruwana da Euler?"

Ban sami abin cewa ba. Na shagala da tambayar tsayawa har na manta ba ita muke ba wa maki ba. Na so in fake da ƙa'idar Rice ta 1953, wadda ta nuna cewa ba tsayawa kaɗai ba, duk wata tambaya mai ma'ana a kan abin da furogiram ke fitarwa ba ta da alƙali na gama-gari. Amma na san fakewa ce. Turing da Rice sun hana hanya guda da za ta yi wa kowane furogiram hukunci. Ba su ce wannan furogiram da ke gabanka ba a iya yi masa ba. Na dattijon an yi masa cikin minti ɗaya, na yaron ma haka. Mako uku ina amfani da hujja ta gaskiya ina kare matsayin da ya fi ta faɗi, wai tunda ba a iya duka, kada a taɓa komai. Shi kuma mako uku yana kare manhajar da ke rubuta "ba ya tsayawa" a inda abin da ta sani kawai shi ne ta gaji da jira.

Gyaran da aka yi bai kai kwana uku ba. Daƙiƙa goma na nan, don batir bai san Turing ba. Amma yanzu Alƙali na duba abin da furogiram ya riga ya fitar kafin a kashe shi, ya ba da maki a kan wannan. Yana kuma leƙa ƙimar lambobin da ke cikin zagaye. In ya ga duk sun dawo daidai yadda suke a zagayen baya, kamar na dattijon, a nan kaɗai yake da izinin rubuta bukul anfini. Sauran duk rubutu ɗaya yake yi musu, "bai gama cikin daƙiƙa 10 ba", ba maki, a turo wa malami ya karanta da idonsa. A aikin gida na gaba guda shida suka zo teburina ta wannan hanya. Na kuma koyi rubuta iyakar lokaci a cikin tambayar kanta.

Makin yarinyar ya sake raba mu. Abokina ya ce 14, don furogiram mai cin awa bakwai a inda ake iya yi cikin daƙiƙa ba gwaninta ba ce. Na ce 20, don ban ce a yi sauri ba, kuma ba a kama mutum da dokar da ba a karanta masa ba. Direkta ya raba gardama a 17. Har yau ina ganin an ci mata uku. Ita ma ta faɗa, cikin ladabi, sannan ta tambayi yadda hanyar Iƙlidis take, ta rubuta ta a bayan hannunta don ba ta zo da kaye, littafin rubutu, ba.

Ɗan lise ya sami 6 bisa ashirin, abin da ƴan ajin suka yi ta yi masa tsiya da shi, wai ga kamilar da ya tsallake ta biyo shi. Da na bayyana masa abin da furogiram ɗinsa ke nema, sai ya roƙi a bar masa tsohuwar kwamfutar da ke lungu, wadda madanninta ya rasa harafi biyu. Na gaya masa an riga an share fili har zuwa lamba mai sifili 1,500, kuma tasa ba za ta isa ko kusa ba. Ya ce, "Mushe, in su ne suka yi kuskure fa?" Ya ƙara layi ɗaya don ta riƙa nuna inda ta kai, ya kunna. Kwana tara tana aiki, duk sanda wuta ta katse ya dawo ya ɗora daga inda ta tsaya. A rana ta goma direkta ya ce batir na fankoki ne da masu biyan kuɗi, mai gadi ya zare wayar. Yaron ya rubuta lambar ƙarshe da ya gani a ƴar takarda, ya manna ta da salatif a gefen kwamfutar, ya ce bayan bak zai dawo.